Gobarar Daji da Zaizayar Ƙasa: Bala'in da Ke Zuwa Bayan An Kashe Wuta

A duk lokacin da hukumomi suka ba da sanarwar cewa 'yan kwana-kwana sun shawo kan wata babbar gobarar daji, hankalin jama'a yakan kwanta, waɗanda suka tsere su fara komawa gidajensu. To sai dai a wurin masana kimiyyar ƙasa, wannan ne lokacin da ake shiga wani sabon zango na haɗari. Wutar ta riga ta sauya yanayin ƙasar da ta bi ta kanta, kuma ruwan sama na farko ne zai nuna girman ɓarnar.

Abin da ya faru a garin Montecito na jihar Kalifoniya a Amurka shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi a kan wannan batu.

Abin da ya faru a Montecito

A ranar 4 ga watan Disambar 2017 wata gobara da aka yi wa laƙabi da Thomas ta tashi a gundumar Ventura, arewa maso yammacin birnin Los Angeles. Iska mai ƙarfi ta riƙa kora ta har ta cinye kusan hekta 114,000, abin da ya sa ta zama mafi girma a tarihin jihar na baya-bayan nan a wancan lokaci, kafin wasu su zarce ta daga baya. Ta ƙone gine-gine sama da 1,000, kuma mutane 2 ne suka rasu a cikinta kai tsaye.

Daga cikin wuraren da ta ƙone har da tsaunukan Santa Ynez, waɗanda ke tsaye a bayan Montecito, wani ƙaramin gari na masu hannu da shuni da ke tsakanin tsaunukan da teku. 'Yan kwana-kwana sun yi nasarar kare mafi yawan gidajen garin, mazauna kuma suka koma gab da bukukuwan ƙarshen shekara.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da asubahin ranar 9 ga watan Janairun 2018, tun ma ba a kammala killace wutar baki ɗaya ba, aka yi ruwan sama mai ƙarfi a kan tsaunukan. Na'urorin awo sun nuna cewa kimanin milimita 13 ne ya zuba a cikin minti biyar kacal. Cikin ɗan lokaci laka da toka da gungumen itatuwa da manyan duwatsu, wasunsu sun fi mota girma, suka gangaro ta kwazazzabai suka afka wa unguwanni mutane na barci.

Mutane 23 ne suka rasa rayukansu, aka rushe gidaje fiye da 100, wasu ɗaruruwa kuma suka lalace. Babbar hanya mai lamba 101, wadda ke bin gaɓar tekun, ta kasance a rufe kusan mako biyu. Ma'ana, lakar da ta biyo bayan gobarar ta kashe mutane fiye da ninki goma na waɗanda wutar kanta ta kashe.

Ba wannan ne karon farko ba a yankin. A daren shiga sabuwar shekarar 1934 malalar laka ta kashe mutane sama da 40 a garuruwan La Crescenta da Montrose, makonni kaɗan bayan gobara ta cinye tsaunukan da ke bayansu. A ranar Kirsimetin 2003 ma mutane 16 sun halaka a gundumar San Bernardino, kimanin wata biyu bayan gobarar watan Oktoba ta waccan shekara.

Me wuta ke yi wa ƙasa?

Domin fahimtar dalilin da ya sa ruwan da bai taka kara ya karya ba zai haddasa irin wannan ta'asa, sai an duba yadda ƙasar daji take kafin wuta ta shige ta.

A dajin da bai ƙone ba, ɗigon ruwan sama ba ya faɗawa kan ƙasa kai tsaye. Rassa da ganyaye su ne ke fara tare shi, su rage masa ƙarfi. A ƙarƙashinsu akwai shimfiɗar busassun ganyaye da ruɓaɓɓun tsirrai, wadda ke shanye ruwa kamar soso, tana sakinsa a hankali. Ita kanta ƙasar cike take da ƙananan ramuka da saiwoyi da tana da ƙwari suka haƙa, waɗanda ruwa ke bi ya nutse.

Gobara mai tsanani tana kawar da waɗannan matakan kariya a lokaci guda. Abu na farko, takan bar ƙasa tsirara, ta yadda kowane ɗigo zai doke ta da cikakken ƙarfinsa, ya warwatsa ƙwayoyinta. Ƙurar da ta taso tare da toka mai laushi sai su toshe ƙananan ramukan, saman ƙasar ya yi ɓawo.

Abu na biyu, wutar tana ƙone ruɓaɓɓen takin da ke cikin ƙasar. Shi wannan taki, tare da siraran saiwoyi da zaren naman gwari, su ne ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa su zama dunƙule-dunƙule masu iya jure ruwa. Idan suka ƙone, ƙasar takan zama gari, ba abin da ke riƙe da ita. Sinadarin naitirojin, wanda tsirrai ke matuƙar buƙata, yakan fara bin hayaƙi da zarar zafi ya kai kimanin digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, alhali zafin saman ƙasa a babbar gobara kan zarce digiri 500.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki: ƙasa kan daina shan ruwa. Ganyayen itatuwa da dama, musamman na yankuna masu dogon rani, suna ɗauke da maiƙo da wani abu mai kama da kakin zuma. Idan suka ƙone, waɗannan abubuwa kan zama tururi, wani sashe ya kutsa cikin ƙasa. Da yake ƙasa ba ta saurin isar da zafi, santimita kaɗan daga sama tururin zai tarar da wuri mai sanyi, sai ya daskare ya lulluɓe ƙwayoyin ƙasar.

Sakamakon haka shi ne a samu wani ɓoyayyen rufi a ƙarƙashin toka, wanda ruwa ba ya iya ratsawa. Leonard DeBano, wani masani na hukumar kula da gandun daji ta Amurka, yana cikin waɗanda suka fara bayyana yadda abin ke faruwa, a binciken da ya soma a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1960. An gano cewa wannan hali ya fi ƙarfi idan zafin ƙasa ya kai tsakanin digiri 175 zuwa 200, kuma yakan lalace idan zafin ya haura kimanin digiri 280. Saboda haka ne saman ƙasa, inda zafi ya fi yawa, kan iya jiƙewa, amma na ƙarƙashinsa ya ƙi.

Gwajin da ma'aikata ke yi a fili mai sauƙi ne. Sukan share tokar, su ɗiga ruwa a kan ƙasa, su duba agogo. A ƙasa mai lafiya ɗigon kan ɓace nan take. A wadda wuta ta yi wa illa kuwa, yakan tsaya a dunƙule na tsawon mintoci, kamar an ɗiga shi a kan leda.

Daga ruwan sama zuwa malalar laka

A wurare masu tsananin gangare, zaizayar kan fara tun kafin ruwa ya sauka. Ƙasa da tsakuwar da kututturan tsirrai suka daɗe suna tarewa sai su riƙa zubowa a bushe, suna taruwa a cikin kwazazzabai. Kafin damina ta kama, hanyoyin ruwan sun riga sun cika da kayan da za a kwasa.

Idan ruwa mai ƙarfi ya zo, sashen ƙasar da ke saman rufin nan zai jiƙe ya cika cikin 'yan mintoci, sauran ruwan kuma ba shi da wurin zuwa sai gangare. Yakan tsaga ƙananan hanyoyi a jikin tsauni, su haɗu su zama manya, suna kwasar ƙasa da toka. Idan lakar ta yi kauri kamar kwaɓaɓɓen siminti, nauyinta kan ba ta damar ɗaga duwatsun da ruwa zalla ba zai iya motsawa ba, kuma gudunta ya fi ƙarfin mai gudu da ƙafa.

Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, USGS, ta nuna cewa abin da ke tayar da irin wannan malala shi ne ƙarfin saukar ruwan a ɗan gajeren lokaci. Yayyafin kwana biyu na iya wucewa lami lafiya, amma ruwa mai ƙarfi na kwata ɗin awa ya isa ya tayar da bala'i. Ba a kuma buƙatar ƙasa ta riga ta jiƙe, saɓanin zaftarewar ƙasa da aka saba gani a ƙarshen damina. Wannan ne ya sa ruwan farko bayan gobara ya fi kowanne haɗari.

Haɗarin ya fi yawa a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, kafin tsirrai su sake rufe ƙasa. Amma akwai wani da ke biyo baya a makare. Saiwoyin manyan bishiyoyin da suka mutu kan ci gaba da riƙe gangare na wani lokaci, sannan su ruɓe a hankali, ta yadda bayan wasu shekaru ɓangaren tsauni guda zai iya zamewa.

Ba kowace wuta ce ke yin wannan ɓarna ba. Wutar da ta bi ta sama da sauri, ta lashe ciyawa ta wuce, ba ta cika taɓa cikin ƙasa ba, har ma tokarta kan zama taki. Wadda ke illa ita ce wadda ta samu tulin itace da busassun ganyaye ta daɗe tana ci a wuri guda. Don haka masana ke bambanta girman harshen wuta da zurfin ƙunar da ta yi wa ƙasa, kuma na biyun ne suke aunawa.

Barazana ga ruwan sha

Ƙasar da ruwa ya kwasa daga tsauni a koguna da madatsun ruwa take ƙarewa, kuma a nan ne mazauna birane da ba su ko ga hayaƙin gobarar ba suke fara jin jiki.

Birnin Denver na jihar Kolorado ya ɗanɗana haka. Gobarar Buffalo Creek ta watan Mayun 1996 ba ta kai hekta 5,000 ba, amma ruwan da aka yi bayan wata biyu ya kashe mutane 2, ya kuma jibge laka da itatuwa a madatsar Strontia Springs, wadda mafi yawan ruwan birnin ke bi ta cikinta. Gobarar Hayman ta 2002 ta ƙara dagula lamarin. Hukumar ruwan birnin ta ce ta kashe fiye da dala miliyan 27 wajen gyara ɓarnar da gobarorin biyu suka haddasa. A 2010 ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji, inda take biyan kuɗin rage cunkoson itatuwa da sake dasa wasu a dazuzzukan da ruwanta ke fitowa.

A 2022 garin Las Vegas na jihar New Mexico, wanda ba shi ne mashahurin birnin nan na jihar Nevada ba, ya kai matsayin da ruwan shan da ya rage masa bai wuce na 'yan makonni ba. Ruwan sama ya sauka sosai a waccan damina, amma toka da laka sun gurɓata kogin Gallinas har matatar garin ta kasa tace shi.

A Ostareliya, gobarar 2003 ta ƙone dazuzzukan kogin Cotter da ke shayar da Kanbera, babban birnin ƙasar, lamarin da ya tilasta gina sabuwar matatar ruwa. Bayan manyan gobarorin 2019 zuwa 2020 kuwa, hukumomi sun shimfiɗa shingaye a cikin tafkin madatsar Warragamba, wadda ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan birnin Sidni, domin tare toka kafin ruwan watan Fabrairun 2020.

Tsere tsakanin ma'aikata da damina

Tazarar da ke tsakanin mutuwar wuta da saukar ruwan farko ita ce damar da hukumomi ke da ita, kuma sau da yawa ba ta wuce 'yan makonni. A Amurka akwai tawagar ƙwararru da ake kira BAER, wadda ke shiga daji tun wuta ba ta gama mutuwa ba. Takan kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na kafin gobara da na bayanta, ta je ta gwada ƙasar da hannu, sannan ta fitar da taswirar wuraren da suka fi ƙuna da garuruwa da hanyoyin da ke ƙarƙashinsu.

Shekaru da dama abin da aka fi yi shi ne watsa irin ciyawa daga jirgin sama. Bincike ya nuna cewa amfanin hakan kaɗan ne a shekarar farko, domin ruwan da zai sa irin ya tsiro shi ne kuma zai kwashe shi tare da ƙasar. Wani lokaci ma baƙuwar ciyawar kan danne tsirran asali. Jera gungumen itatuwa a kwance a jikin gangare, kamar yadda aka yi a tsibirin Evia na ƙasar Girka bayan gobarar 2021, yana taimakawa idan ruwa matsakaici ne, amma ruwa mai ƙarfi kan haure su.

Dabarar da ta fi nuna tasiri ita ce mayar wa ƙasa rufin da ta rasa, ta hanyar shimfiɗa karan alkama ko na shinkafa ko ɓarzajjen itace. A yankin Galisiya na Sifaniya jirage masu saukar ungulu ne ke zuba karan a kan tsaunuka. A Fotugal, masu bincike na jami'ar Aveiro sun gano cewa rufe ƙasa da ɓawon itacen turare da aka daddatsa ya rage asarar ƙasa da fiye da rabi. Matsalar dai ita ce tsada, don haka ƙaramin sashe ne kawai na wurin da ya ƙone ake iya rufewa.

Inda gangare ya yi tsanani, babu dabarar da za ta hana laka saukowa. Abin da ya rage shi ne a haƙa manyan ramukan da za su tare duwatsu a bakin kwazazzabai, a kuma kwashe jama'a a kan kari.

A nan ma Montecito ya bar darasi. An yi hasashen haɗarin kwanaki kafin ya auku, an kuma yi gargaɗi. Sai dai an raba garin gida biyu ta hanyar amfani da wani titi a matsayin iyaka: na saman titin aka ba su umarnin ficewa, na ƙasansa kuma aka bar musu zaɓi. Lakar ta bi hanyoyin rafuka ta tsallaka titin, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu suna ɓangaren da ba a tilasta wa ficewa ba. Bugu da ƙari, mutane da yawa sun gaji da gudun hijira, domin ba su daɗe da dawowa daga na gobarar ba.

Daga baya an sake zana taswirorin ficewa bisa hanyoyin ruwa, aka kuma gina sabon ramin tare duwatsu a kan rafin San Ysidro. A ranar 9 ga Janairun 2023, shekara biyar cif da aukuwar bala'in, hukumomi sun umarci ilahirin mazauna garin su fice saboda wani ruwa mai ƙarfi.

Ina kuɗin ke tafiya?

Matsalar ba ta nuna alamar raguwa. A watan Fabrairun 2025, makonni biyar bayan gobarorin da suka ƙone gine-gine sama da 16,000 a Los Angeles, laka ta rufe wani sashe na babbar hanyar gaɓar teku a Malibu. A ranar 8 ga Yulin 2025 ambaliya ta kashe mutane 3, biyu daga cikinsu yara, a garin Ruidoso na New Mexico, shekara guda bayan gobara ta ƙone tsaunukan da ke kewaye da shi.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2022 ya yi hasashen cewa munanan gobarorin daji za su iya ƙaruwa da kashi 14 cikin 100 zuwa 2030, kashi 30 zuwa 2050, da kashi 50 zuwa ƙarshen ƙarni. Sauyin yanayi yana kuma sa iska mai ɗumi ta ɗauki ƙarin danshi, abin da ke ƙara yiwuwar ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, wato ainihin irin wanda ƙonanniyar ƙasa ba ta iya jurewa.

Rahoton ya lura cewa fiye da rabin kuɗin da gwamnatoci ke kashewa kan gobarar daji yana tafiya ne wajen kashe wuta, yayin da tsare-tsare ke samun ƙasa da kashi 1 cikin 100. Masu lura da al'amura na ganin dalilin a fili yake: jirgin da ke zuba ruwa a kan wuta kowa na ganinsa a talabijin, amma shimfiɗa kara a kan tsauni ko yashe magudanar ruwa ba sa jan hankalin masu zaɓe. Alhali Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya ta ce samuwar santimita 2 zuwa 3 na ƙasa mai albarka na iya ɗaukar shekara 1,000.

Ƙona daji a Afirka ta Yamma

Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a nahiyar Afirka yake. Galibinsa wutar ciyawa ce ta lokacin rani, wadda mafarauta da manoma da makiyaya ke sakawa. Ba ta kai zafin ta dazuzzukan Kalifoniya ba, kuma yawancin filayen shimfiɗaɗɗu ne, don haka ba kasafai ake samun malalar laka ba.

Amma ƙa'idar ɗaya ce: ƙasar da aka bari tsirara iskar hunturu za ta kwashi tokarta da samanta, sannan ruwan farko, wanda a yankin yakan zo da ƙarfi da guguwa, ya wanke abin da ya saura. Idan ana maimaita haka kowace shekara, takin ƙasa kan ragu, saman ya yi tauri, kwazazzabai su fara buɗewa.

Wani gwaji da aka fara a 1936 a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa, ya nuna muhimmancin lokacin ƙonawa. Filin da ake ƙonawa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, ya rasa mafi yawan bishiyoyinsa. Wanda ake ƙonawa a farkon rani, ciyawa na da sauran danshi, ya riƙe da yawa daga cikin nasa. Wanda aka hana wa wuta gaba ɗaya kuwa ya rikiɗe ya zama kurmi.

A Najeriya akwai ƙa'idojin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2011 a kan ƙona daji, waɗanda hukumar NESREA ke da alhakin aiwatarwa, sai dai a ƙauyuka da dama ana ci gaba da saka wuta ba tare da neman izinin kowa ba. A cewar masana aikin gona, abin da manomi zai iya yi da kansa shi ne ya bar wani sashe na kara da ganyaye a gonarsa maimakon ya tara ya ƙone su lokacin sharar gona, domin idan ruwan farko ya sauka ya tarar da ƙasar a rufe.